Suna Biyu A Takardar Gidan Oton

Jaro, Iloilo
6 ga Agusta, 1995

Zuwa ga Manang Felisa,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki, da fatan wasiƙar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan? Mu nan lafiya lau. Ran Lahadi na je Pototan na duba mahaifiyarmu Nanay. Gwiwar ce dai har yanzu, amma baki garau yake, tun daga ƙofa ta fara yi mini faɗa wai na rame. Man zafin da kika aiko ta ɓoye shi ƙarƙashin filo, ita kanta sai ta yi shawara kafin ta shafa.

Bayan haka, Manang, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ni da Efren mun sami gida na sayarwa a Oton. Ɗaki biyu da falo, da famfon tuƙa-tuƙa a baya, da bishiyar gwaiba. Na wata tsohuwa ce, Lola Paring, mijinta ya rasu, ɗanta zai ɗauke ta zuwa Kanada baɗi. Kin san shekara tara muna tare, sau huɗu muna canza ɗakin haya. Wanda muke ciki yanzu bangonsa na katako ne, in maƙwabci ya yi tari sai in ce masa sannu.

Da muka je gani, tsohuwar ta ƙare wa Efren kallo ta ce mini, "Mijinki ne wannan?"

Efren ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Na ce, "Lola, shekara tara muna ci daga tukunya ɗaya."

Ta ce, "Ba abin da na tambaya ke nan ba, amma na ji amsa. Nawa da aka ɗaura mana a coci, shekara arba'in bai taɓa gyara mini famfon can ba. Wannan ya iya?"

Kafin mu bar gidan famfo na zubo da ruwa.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce Efren mijin wata ne. Gaskiya ne a takarda. Amma Zenaida ta bar shi shekara goma sha huɗu ke nan, ta bi wani zuwa Davao, ko wasiƙa ba ta taɓa aikowa ba. Ke kin san ƙasar nan ba a saki, warware aure a kotu kuma sai masu hali. In na ce sai an ɗaura mana aure zan mallaki rufin kaina, to a ɗakin haya za a fitar da gawata.

Abin da na tara a ɗinki da abin da ya tara a walda ba su kai ba. Ba kuɗinki nake roƙo ba. Rabona na gonar shinkafar da mahaifinmu Tatay ya bar mana nake so in sayar wa ɗan kawunmu Tiyo Ben, shi da yake noma ta dama. Amma da sunanmu biyu take, sai kin sa hannu a ofishin jakadanci an buga hatimi. Ga takardar nan a ciki.

Ki huta lafiya. Taki,
Noring

*

Hong Kong
27 ga Agusta, 1995

Inday Noring,

Na gode Allah da kuke lafiya. Ni ma da sauƙi, sai dai tsohuwar da nake kula da ita ta ƙara nauyi, ɗaga ta zuwa wanka shi ke kashe mini baya. Ki ce wa Nanay ta shafa man nan, ba don ado na aiko ba.

Na karanta wasiƙarki sau uku a kan kwalin da mu 'yan aikatau muke shimfiɗawa a bakin titi ran Lahadi. Abincin da na zo da shi wasu suka ci.

Inday, bari in ba ki labari. Akwai wata 'yar lardin Antique da muke zama tare a nan, Gloria. Shekara goma sha ɗaya tana aika kuɗi ana gina gida da mutumin da take zaune da shi, shi ma mai mata a wani gari. Bara ya faɗi ya mutu. Ko kwana tara na addu'a ba a gama ba matar ta iso da takardar aure a jaka da ƙannenta maza biyu. Gloria ta sauka daga jirgi da baƙaƙen kaya ta tarar an canza kwaɗon ƙofa. Tukwanenta a waje, cikin buhu. Shekararta hamsin da uku, ga ta nan ta dawo tana wanke banɗakin mutane. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka shafa wa naka ruwa.

Ban ce mutumin nan naki mugu ba ne. Ban san shi ba, sau biyu na taɓa ganinsa. Amma gonar nan Tatay ya bari da ƙafafunsa sun tsage a cikinta, kuma ita kaɗai ce abin da ba mai iya korar ki daga kansa. Za ki ɗauke ta ki zuba a gidan da wata can, wadda ba ta taɓa share shi ba, za ta iya zuwa ta ce rabi nata ne?

Tambaya ɗaya: sunan wa za a rubuta a takardar gidan? In naki ne ke kaɗai, ran Lahadi mai zuwa zan je in sa hannu. In ba haka ba, takardarki tana nan cikin akwatina. In yana sonki kamar yadda kike faɗa, wannan ba zai yi masa wuya ba.

Ki riƙa cin abinci. Yayarki,
Felisa

*

Jaro
17 ga Satumba, 1995

Manang,

Gaisuwa da fatan alheri. Nanay ta fara shafa man, ta ce in gaya miki yana da zafi kamar bakinki. Ni ina nan cikin ɗinkin kayan makaranta har idanuna sun fara gani biyu-biyu.

Kin ce in yana sona ya bari a sa sunana ni kaɗai. To ki sani, tun kafin wasiƙarki ta zo shi ya fara faɗar haka. Muna cikin jifni, motar haya, muna dawowa daga Oton ya ce, "Noring, a rubuta naki kawai. Ni in na sami wurin ajiye kayan aikina ya ishe ni."

Ni na ƙi.

Mun je wurin wata lauya a bayan kotu. Ta ce abin da kike tsoro gaskiya ne: in an sa sunansa, rabonsa zai faɗa cikin dukiyar aurensa da Zenaida. Sai na tambaye ta, in an sa nawa ni kaɗai kuma na riga shi mutuwa fa? Ta ce ba mu da ɗa, ba mu da aure, gidan zai koma hannun dangina. Nanay ke nan, bayanta ke. Shi ko ƙofa ɗaya ba zai gada ba.

Manang, mutumin nan shekara goma sha shida yana shaƙar hayaƙin walda. Duk abin da ya tara zai zuba a gidan nan. Lokacin da aka yi mini aiki a ciki, shi ya yi sati uku yana kwana a kan benci a asibiti, shi ya wanke mini abin da ko ke ba zan so ki wanke ba. Kina tsoron kada a watso mini tukwane waje. Ni kuma ina tsoron kada a watso masa nasa, kuma ba Zenaida ce za ta yi ba. Dubi wasiƙarki: "mutumin nan naki". Shekara tara, ko sau ɗaya kin taɓa rubuta sunansa?

Lauyar ta ce akwai wata hanya guda, amma da Efren ya ji ta sai ya miƙe ya ɗauki hularsa ya ce ko zai mutu ba zai bi ta ba. Don haka ba zan ɓata takarda a kanta ba.

Lola Paring ta ce wani malamin makaranta ma yana son gidan. Ta ba mu zuwa ƙarshen Oktoba mu kawo kafin alƙalami. Rabona nake tambaya, Manang, ba naki ba.

Noring

*

Hong Kong
8 ga Oktoba, 1995

Noring,

Lafiya lau nake. A gai da Nanay.

Ashe ni ce kurar da ake gina katanga dominta. Shekara goma sha biyu ina ƙasar mutane, ban ga jana'izar Tatay ba, ban haifi nawa ba, kuɗin makarantar koyon ɗinkinki daga hannun nan suka fito. Yau ƙanwata ta zauna gaban lauya ana lissafin yadda zan kori mutum bayan ta mutu.

Ga takardarki nan, na sa hannu, an buga hatimi. Na yi layin awa uku a ranar hutuna. Ki sayar, ki rubuta sunan wanda kika ga dama. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Felisa

*

Pototan
26 ga Oktoba, 1995

Manang,

A gurguje nake rubuta wannan, mai zuwa gidan waya yana jira. Nanay lafiya. Takarda ta iso, na gode, kuma ki yi haƙuri da maganata, zan rubuto da kyau daga baya. An sayar da gonar.

Efren ya tafi Davao wurin Zenaida. Ni na raka shi har bakin jirgin ruwa ran Talata. Na ba shi kuɗin ya tafi da su. Ya ce kada in sa ran ganinsa nan kusa. Na kwashe kayana daga ɗakin Jaro, ina wurin Nanay. Abinci ma ba ya shiga. Ki sa ni a addu'a.

Rediyo na cewa guguwa na tafe.

Noring

*

Hong Kong
12 ga Nuwamba, 1995

Inday, ƙanwata,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Kina lafiya? Nanay fa? Na ga guguwar a talabijin ɗin masu gida, na ga rufin kwano na yawo kamar takarda. Sau shida ina kiran wayar kantin Tiya Luding, layi a mace.

Wasiƙarki ta zo ran Alhamis. Ina tsaye ina guga na karanta, sai warin ƙuna ne ya dawo da ni, na ƙone rigar maigidan.

Ba zan ce na gaya miki ba. Wallahi ba zan ce ba. Laifina ne, ni na sa hannu cikin fushi, da na riƙe takardar wata ɗaya da gonar na nan. Kuma ke, har ki raka shi bakin jirgi? Ki miƙa masa kuɗin gonar ubanki da hannunki ya kai wa matarsa? Wace irin zuciya Allah ya ba ki, Inday?

Ki saurare ni. Ba ki rasa komai ba da ba za a mayar ba. Rabona na gona naki ne daga yau. Na yi magana da ƙanwar uwargidana, tana neman mai aiki wadda ta iya ɗinki, in kina so ki zo nan mu zauna kusa. In ba kya so, ki zauna wurin Nanay zan riƙa aikowa. Kada dai ki zauna ke kaɗai kina tunani. Kada ki yi wa kanki wani abu saboda namiji, ina roƙonki da girman Allah.

Shi kuwa na rubuta masa tasa. Ban san inda yake a Davao ba, sai na aika garejin da yake aiki, duk ranar da ya waiwayo ya tarar. Ban rage masa komai ba.

Ki amsa mini ko da layi biyu ne.

Manang

*

Hong Kong
3 ga Disamba, 1995

Inday,

Sati uku shiru. Kullum ni ke fara sauka in duba akwatin wasiƙu, har mai gadin bene ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

In fushi kike da ni, ki ci gaba da yi, amma ki sa wani ya rubuto cewa kuna raye. Wata 'yar Dumangas ta ce ruwa ya kai ƙirji a wasu unguwannin Jaro. Na kunna kyandir a coci Lahadi uku a jere.

Na tambayi kuɗin jirgi. In na tafi kafin kwantiragina ya ƙare aikin ya tafi ke nan, na sani. Na ba kaina zuwa ashirin ga wata. In ban ji komai ba, ki sa ido, ina tafe.

Manang

*

Jaro
9 ga Disamba, 1995

Manang, Manang, Manang!

Kada ki sayi tikiti! Muna raye, muna lafiya, Nanay lafiya, ko kaza ba mu rasa ba sai rufin kicin. Gadar hanyarmu ce ta karye, wasiƙu suka taru a Iloilo. Taki ta Nuwamba sai shekaranjiya ta zo hannuna, ta Disamba kuma yau da safe. Da na karanta na ɗora hannu a ka. Na zauna na tuno abin da na rubuta miki a gurguje, na ga ko ni aka aiko wa haka abin da zan fahimta ke nan. Ki gafarce ni. Zan ba wata mai komawa Hong Kong jibi wannan ta kawo miki hannu da hannu.

Efren bai gudu ba. Ga shi nan zaune yana ɓare mini tafarnuwa. Kuɗin gona suna hannun Lola Paring tun ranar da aka biya ni. Waɗanda na ba shi na gwangwanin madarar da nake asusu a ciki ne, kuɗin jirgi da abinci. Ɗakin Jaro kuma gudun ambaliya na kwashe, kuma gara da na yi.

Kin tuna hanyar da na ce ya rantse ba zai bi ba? Lauya ta ce in shi da Zenaida suka je gaban alƙali tare suka roƙa a raba dukiyarsu, auren na nan, amma daga ranar abin da kowa ya samu nasa ne. Sai dai dole ya nemo ta, ya roƙe ta. Matar da ta bar shi da tukunya a kan wuta. Ranar da na sa hannu a takardar gona yana tsaye a bayana. Da muka isa tasha ya ce, "Kin sayar da gonar ubanki, ni kuma in kasa sayar da girman kaina?"

Ba shi da adireshinta, shi ya sa ya ce kada in sa ran ganinsa da wuri. Ni kuma abin da ya hana ni ci, tsoron kada ta ƙi, ko ta ce sai an biya ta, ko ma mu tuna mata da abin da ta manta. Kwana goma sha ɗaya yana yawo a Davao kafin wani direba ɗan garinsu ya nuna masa wata rumfar abinci kusa da tashar mota.

Ya ce da tsakar rana ya shiga, ya bi layi kamar mai saye. Tana zuba miya, ta yi ƙiba, furfura ta fito. Ta ɗago ta gan shi, ludayi ya faɗi cikin tukunya. Ta ƙwala ihu, "Berting! Berting, ya zo!"

Sai ga mutumin nata ya fito daga baya da wuƙar sarar kifi. Efren ya ɗaga hannu sama da ambulan ɗinsa ya ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba."

Ta ce, "Nawa kake so? Faɗi! Amma gidan nan ba za ka taɓa shi ba, 'ya'yana uku a ciki."

Ya ce, "Wane gida?"

Manang, ashe shekara bakwai ke nan da suka sayi fili suka gina gida da rumfar, wani ya gaya mata mijinta na coci yana da rabo a ciki duk ranar da ya ga dama. Tun daga nan, in baƙo ya shigo da harshen Iloilo sai ta ɗauka shi ne ya zo. Da Efren ya buɗe ambulan ya yi mata bayani, ta nemi buhun shinkafa ta zauna. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce, "Efren, ka yafe mini. Shekara bakwai ina roƙon Allah ya ɗauki ranka."

Ya ce, "Ni ai ko addu'ar ban yi miki ba."

Berting ya ajiye wuƙa ya gasa masa kan kifi mafi girma a rumfar. Washegari su uku suka je wurin lauya, Zenaida ta ce ita za ta biya rabin kuɗin. An shigar da takarda, alƙali ya sa Fabrairu. Lola Paring ta ce za ta jira, tunda Efren ya mayar mata da kwanon da guguwa ta ɗauke.

Saura wasiƙarki ta gareji. Maigidansu ya ga tambarin Hong Kong ya ɗauka abin gaggawa ne, ya buɗe, matarsa ta karanta da ƙarfi ana cin abincin rana. Shafi huɗu, Manang! Yanzu ba mai kiransa Efren a garejin, sai Kada, tunda kadan ruwa kika kira shi a ciki. "Kada, miƙo sifana." Ranar da ya karanta da kansa na ji tsoro. Da yamma ya ninke ta ya sa a aljihu ya ce, "Da ina da yaya irin wannan lokacin da aka bar ni, da ban yi shekara biyar ina shan giya ba."

Ki ci abinci, ki yi barci. Taki har kullum,
Noring

*

Hong Kong
17 ga Disamba, 1995

Inday,

Matar ta kawo mini wasiƙar yau a wurin zamanmu. Na karanta a tsaye. Gloria ta ƙwace ta karanta wa kowa. Da aka zo wurin buhun shinkafa mata goma sha biyu suna dariya suna share hawaye, har ɗan sanda ya leƙo. Na ci kwano biyu na taliya. Na gode wa Allah, na gode wa Allah.

Akwai abin da zan faɗa, kuma a takarda ya fi mini sauƙi. Wasiƙarki ta Satumba ta ƙona ni ne don gaskiya ce. Na yi ta juya ta a raina. Da kin mutu bara, Allah ya kiyaye, da na zo na ba shi wata guda ya kwashe kayansa, kuma da na ɗauka daidai na yi. Ki sa lauyarku ta rubuta duk abin da ya kamata game da rabonki, wanda zai sa ya zauna a gidan har ƙarshen ransa. In akwai inda ake son hannuna, a aiko. Wannan karon ba da fushi zan yi layi ba.

Abin da ke ƙasa ba naki ba ne, ki miƙa masa.

Efren, na zage ka a kan abin da ba ka yi ba, a gaban abokan aikinka. Shafi na uku musamman, inda na shigo da mahaifiyarka, ban san inda zan sa fuskata ba. Ka yafe mini. Ka gaya wa maigidanku wata wasiƙar na tafe, a sa matarsa ta karanta ita ma da ƙarfi, lokacin cin abinci. Kuma ka sayi tabarau na walda mai kyau, na sa kuɗinsa a ciki, Noring ta ce idanunka kullum ja.

Barka da Kirsimeti gare ku duka.

Manang Felisa

*

Oton
2 ga Yuni, 1996

Zuwa ga Manang,

Dubi saman takardar nan ki ga daga inda nake rubutu. Muna lafiya, da fatan ke ma haka, da tsohuwarki mai nauyi. Nanay na nan tare da mu sati biyu ke nan. Ta zo wai kwana biyu za ta yi ta ga ko akwai sauro.

Alƙalin Davao ya ɗage zama sau biyu, sai a Afrilu ya sa hannu. Zenaida ta aiko mini da kwandon 'ya'yan itacen nan nasu masu wari, duk jirgin sai da aka tsine wa Efren. Lola Paring ta tafi Kanada ran goma ga Mayu, ta bar mana kujeru biyu da kare wanda ba mu roƙa ba. Takardar wasiyyata ma an gama, tana wurin lauya.

Ran Talata muka karɓo takardar mallaka. Sunana a sama, kusa da shi an rubuta ba ta da aure. Nasa a ƙasa, an rubuta yana da aure da Zenaida, dukiya a rabe. Yarinyar ofishin ta karanta, ta dube ni, ta dube shi, ta buɗe baki za ta yi tambaya. Na ce, "Buga hatimi, 'yata, labarin ya fi ƙarfin lokacin aikinki." A cikin jifni na sake buɗewa na karanta, bai yi mini daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba. Ba haka na so a rubuta mu ba. Amma layi biyu ne a takarda ɗaya, kuma ba mai goge ko ɗaya.

Safiyar farko da muka tare, ƙarar guduma ce ta tashe ni. Na fito na tarar da Efren a falo da ƙullin ƙusoshi, yana ta bugawa a bango.

Na ce, "Me za ka rataya?"

Ya ce, "Ban sani ba tukuna."

Na ce, "To me ya sa kake ɓata mini bango?"

Ya ce, "Rabina nake ɓatawa. Tunda na bar gidan ubana ban taɓa buga ƙusa ba sai na nemi izinin mai gida."

Guda goma sha ɗaya ya buga kafin in ƙwace gudumar, sannan ni ma na buga biyu. Mun rataya kalanda, da hoton Santo Niño da muke addu'a a gabansa, da malafar Tatay, da almakashina, da madubi. Nanay ta rataya carbinta a ɗaya ba tare da ta tambayi kowa ba, daga nan na san ba ta da niyyar komawa Pototan da wuri. Har matsami da ludayi sun sami wuri.

Saura guda ɗaya, a falo, daidai inda mai shigowa zai fara kallo. Jiya na ɗauko agogo zan sa, Efren ya ce a'a, wannan da mai ita. Don haka ki je wurin mai hoto ran Lahadi, ki sa jar rigar nan taki, ki ɗan yi murmushi ko da na ƙarya ne, ki aiko mana. Ya ce babba yake so, wanda 'yan gareji za su gani su shiga taitayinsu.

Taki,
Noring